Keke Ba Ya Ɓoye Nauyi

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zauruka suka sake fitowa titi. Duk mai bin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram ranar cin kasuwar Sara zai gan su jere a gefen kwalta: wannan da buhun riɗi, wancan da jarkoki, wani da kwandon kaji a bayansa.

A lura da ɗaya daga cikin masu kekunan kafin ya bar gida. Sai ya ɗaure buhun a kariya da robar tsohon tif, ya danna tayar baya da babban yatsa, sannan ya ɗaga keken ya ji nauyinsa. In ya ji ya yi yawa, kwance buhun yake yi ya rage tiya biyu ko uku, ko da kuwa yana matuƙar bukatar kuɗinsu. Ya san hanyar da zai bi. Ya san inda zai bar kwalta ya faɗa rairayi, ya san inda tsidau ke fasa taya, ya kuma san hawan da zai sa shi sauka ya kifa ƙirji a kan keken yana turawa, tayar gaba na neman ɗagewa. A mota, inji ne ke wahala fasinja na gyangyaɗi. A keke kuwa, duk abin da ka ɗora cinyarka ce za ta biya.

Masu ratsa hamada da keke ma wannan lissafin suke yi. Kafin matsalar tsaro ta tsananta, Turawa kan gangaro daga duwatsun Hoggar na Aljeriya, su bar Tamanrasset su yi kimanin kilomita 400 kafin In Guezzam, daga nan Assamaka, Arlit, Agadas, Damagaram, har Kano. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ba ta raguwa sai an sha. Wanda zai ɗauki lita 20 dole ya haƙura da tufafi da tarkace masu yawa, domin a can ba a wasa da ruwa da famfo da kayan faci.

Wanda ya fi burge ni shi ne Mamadou Safayou Barry, matashi ɗan ƙasar Gini. A 2023 ya hau keke da niyyar zuwa karatu Jami'ar Azhar, yana da shekara 25. Guzurinsa kayan sawa na canji, tocila da sukundireba. Ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar har Chadi, tafiyar kusan kilomita 4,000 cikin wata huɗu, an ma tsare shi a hanya ba sau ɗaya ba. Da yake yaƙi ya rufe hanyar Sudan, mutanen kirki ne suka haɗa masa kuɗin jirgi daga Chadi. Ya sauka Alƙahira a watan Satumba, jami'ar ta ba shi gurbin karatu kyauta. Da ya tsaya sai ya tara akwatuna, da har yau yana gida.

Abin da ke damuna shi ne, mutumin nan da ke auna buhu da hannu kafin ya hau keke, shi ne kuma ke mance awo idan kaka ta yi. Da an sayar da riɗi da gyaɗa sai bukukuwa su kankama. Lefe sai ya fi na maƙwabci, ga kayan ɗaki, ga gara, ga anko, ga abincin da rabinsa zubarwa za a yi. Abin da kuɗin amfanin gona bai kai ba, a ciwo bashi ko a jinginar da gona. Lokacin ba a jin nauyin komai, saboda rumbu cike yake kuma kowa na sa albarka. Sai ruwan farko ya sauka, a nemi iri da taki a rasa, sannan watan Agusta ya zo a koma awon hatsin da aka sayar da arha a kan tsada. Na ga magidanta masu mutunci suna ƙwadago a gonar wani, tasu na cike da ciyawa, duk saboda bikin kwana uku. Wannan ɗaukar Dala ba gammo ce, kuma mata da yara ne suka fi ɗanɗana kuɗarta.

Ba cewa nake yi a daina biki ba. Aure sunna ne, farin ciki kuma halal ne. Amma ya kai magidanci, kafin ka kai buhun farko kasuwa bana, ware iri, ware kuɗin taki, ware abincin da zai kai iyalinka wata kakar. Abin da ya saura, da shi za a yi bikin. Malamanmu da masu unguwanni daga Kantoga har Basirka, don Allah ku taya mu faɗa a masallatai da wuraren ɗaurin aure.