Wayar Salula da Halartar Zuciya a Lokacin Lazimi

Ya 'yan'uwa, salula ni'ima ce daga Allah. Da ita manomin albasa a Galmi yake jin farashin kasuwar Birnin Ƙonni kafin ya ɗora buhu a mota. Da ita mu ɗaliban jami'ar Tawa muke karɓar darasi, da ita kuma muridi a Malbaza ko Illela yake sauraron karatun malaman Kaulaha ta WhatsApp. To, shin yawan sauraro shi ne gyaran hali?

A ganina, a'a. Lazimin da Shehu Ahmadu Tijjani (RTA), wanda ya rasu a Fas a 1815, ya bar mana, istigfari 100 ne, salatin Annabi (SAW) 100, hailala 100, safe da yamma. Ɗan carbin yatsa mai batir ma yana iya riƙe wannan lissafi. Halartar zuciya ce na'ura ba ta iya riƙewa. Wanda harshensa ke hailala, kunnensa na jiran ƙarar saƙo, ya cika adadi, amma zuciyarsa tana kasuwa.

Iyayenmu gaban muƙaddami suka koyi ladabi: gaisuwa, yin shiru, karɓar gyara. Waya kuwa ba ta ganin aibinka, balle ta faɗa maka; abin da ranka ke so take ƙara kawo maka.

Don haka mu kashe ta kafin mu ɗauki carbi, kada kuma karatun waya ya hana mu zuwa zawiya.

Allah Ya tattara zukatanmu a kan ambatonSa, amin.