Kanikawan Lamisula, Aikin Nan Bai Fi Ƙarfinku Ba

Kanikawan Lamisula, ogogi da yaran gareji! Bayan da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, motoci sun yi kwanaki cikin ruwa a Maiduguri, laka ta cika injinansu. Hannuwanku ne suka sauke matattun injina, suka ɗora na Beljiyam, har garin ya sake motsi. Wanda ya yi wannan, gyara hayaƙin mota ba zai gagare shi ba.

Tun 2011 hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idar hayaƙin ababen hawa masu fetur da dizal, kuma hayaƙin da ya wuce kima laifi ne a wajen jami'an kiyaye haɗurra. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne ƙirjin yaron da ke kwance ƙarƙashin mota, da mai ƙosai a bakin gareji. Su ke fara shaƙar abin da salansa ta fitar.

Don haka idan za ku ɗora inji, ku ɗora shi da kayansa: ƙwaƙwalwar da ta dace da shi, wayoyinsa, da sensar da ke auna iskar salansa. Idan sensar nan ta mutu ko aka yanke ta, ƙwaƙwalwa sai ta koma lalube, ta riƙa zuba mai fiye da buƙata. Nan baƙin hayaƙi ke fitowa, nan kuɗin mai mota ke ƙonewa, a lokacin da fetur ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023. Shuɗin hayaƙi kuwa, baƙin mai inji ke sha. Ku duba injin kafin a biya dillali. Indomin salansa kuma, don Allah ku bar shi a wurinsa, ko nawa aka taya. Shi ke rage gubar hayaƙin. Sannan ku tuna wa mai mota ya gyara lambar inji a takardunsa.

Kada ku ce aikin ya fi ƙarfinku: a garin nan Mustapha Gajibo ya cire injin fetur daga ƙananan motocin haya ya mayar da su masu lantarki. Ba daga Jamus ya zo ba, ɗan Borno ne kamar ku.

Oga, ka sayi na'urar gwajin kwamfuta ko da ta haɗin gwiwa ce, ka zaunar da yaranka su koya. Ku kuma samari, ku riƙe sifana da hannu ɗaya, na'ura da ɗayan. Allah Ya yi wa sana'arku albarka.