Zati da Sifa a Motar Sha'awa: Me Zai Rage Idan Injin Fetur Ya Yi Shiru?

A shekarar 2023 Tarayyar Turai ta amince da dokar da ta tanadi cewa daga 2035 ba za a ƙara sayar da sabuwar ƙaramar mota mai fitar da iskar kabon a ƙasashenta ba, kuma duk da ja-in-jar da ake ci gaba da yi kan sassauta dokar, manyan kamfanonin ƙera motoci sun riga sun zuba dukiya mai ɗimbin yawa a fasahar batir. Ga wanda motarsa abin zuwa aiki ce, wannan sauyi magana ce ta farashi da wurin caji. Sai dai akwai wani rukunin motoci da lamarinsu ya fi haka zurfi, wato motocin sha'awa, waɗanda ake ƙera su gajeru, marasa nauyi, galibi da kujeru biyu, domin jin daɗin tuƙin kansa. Tambayar da ke gaban masoya waɗannan motoci tsohuwa ce a falsafa: idan aka cire wa abu sashen da aka san shi da shi, shin yana nan a matsayinsa, ko ya zama wani abu dabam mai ɗauke da tsohon suna?

Malaman falsafa tun daga Aristotle, da malaman Musulunci da suka gaji iliminsa irin su Ibn Sina, sun bambanta zati da sifa, inda zati yake nufin abin da idan ya gushe abun ya gushe, sifa kuwa ita ce abin da ke iya sauyawa abun yana nan. Tarihin motar Porsche 911 ta Jamus, wadda aka fara sayarwa a 1964, ya nuna yadda masoya kan ɗauki sifa a matsayin zati. Lokacin da kamfanin ya daina ƙera injin da iska ke sanyaya shi a 1998 ya koma mai sanyaya da ruwa, da yawa sun ce motar ta mutu, amma ga ta nan har yau ana sayenta, har ma a 2024 aka fitar da samfurinta mai haɗa fetur da lantarki. Akwai kuma sauyin da masu saye suka ƙi amincewa da shi: a 2013 an fitar da samfurinta na GT3 ba tare da giyar hannu ba, kuma ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya dawo da ita a 2017, duk da cewa giya mai sarrafa kanta ta fi hannun kowane direba sauri. Wannan bambanci yana nuni da inda zatin yake.

Da a ce gudu ne zatin, da lantarki ya raba gardamar tuntuni. Motar Rimac Nevera ta ƙasar Kuroshiya, mai ƙarfin doki sama da 1,900, tana kaiwa gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, amma mai kamfanin, Mate Rimac, ya faɗa da bakinsa a 2024 cewa attajirai ba su nuna ɗokin sayen irin wannan mota ba, kuma a shekarar ce kamfanin Bugatti da yake jagoranta ya gabatar da sabuwar mota mai injin fetur na silinda 16 haɗe da lantarki. A ɗaya gefen, Mazda MX-5 ta Japan, wadda ta fito a 1989 da nauyin da bai kai tan ɗaya ba, ba ta taɓa yin suna da gudu ba, amma zuwa 2016 an ƙera guda miliyan ɗaya saboda yawan masu son ta.

Abin da direban irin wannan mota yake nema yana bayyana ne sa'ad da ya tunkari kwana. Ya taka birki, ya danna kuloci, ya ɗan taɓa totur domin juyin injin ya dace da giyar da zai sauka zuwa gare ta, kunnensa na auna ƙarar injin, tafin hannunsa na jin ta sitiyari ko tayoyin gaba sun kama kwalta ko sun fara sulɓewa; idan ya yi kuskure motar ta girgiza ta tona shi, idan ya dace sai ta bi kwanar salin-alin. Masanin falsafa Albert Borgmann, a littafinsa na 1984 kan fasaha da rayuwar zamani, ya bambanta na'urar da ke miƙa wa mutum sakamako tana ɓoye masa yadda aka samu, da abin da ke neman hankalinsa da ƙwarewarsa kafin ya ba shi amfani. Motar sha'awa tana cikin kashi na biyu, don haka zatinta shi ne buƙatar da take da ita ga gwanintar mai tuƙi, fetur kuwa hanya ce da aka bi shekaru sama da ɗari wajen samar da hakan.

Idan haka ne, lantarki a karan kansa ba maƙiyin motar sha'awa ba ne, kuma abin lura ne cewa motar farko ta kamfanin Tesla, wadda ta fito a 2008, a kan tsarin Lotus Elise ta Ingila aka gina ta. Matsalar tana ga nauyi, domin kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na batir sau gommai, shi ya sa Elise ta 1996 ba ta kai kilo 800 ba, alhali Nevera ta haura tan biyu, kuma mota mai irin wannan nauyi galibi sai kwamfuta ta shiga tsakanin hannun direba da taya kafin ta yi biyayya. Wasu kamfanoni sun nemi cike giɓin da kwaikwayo: Hyundai Ioniq 5 N ta Koriya ta Kudu tana fitar da ƙarar inji ta lasifika, tana kuma kwaikwayon canjin giya takwas da babu su a cikinta. Babu yaudara a nan matuƙar mai saye ya san abin da ya saya, sai dai ƙarar injin fetur labari ce ta gaskiya game da abin da ke faruwa cikin injin, ƙarar lasifika kuwa zaɓin injiniya ce, kuma gwanintar da aka gina kan alamar da za a iya kashewa da maɓalli ba ta kai wadda aka gina kan larurar ƙarfe ba.

Saura tambayar haƙƙi: shin sha'awar 'yan tsiraru ta isa hujjar ci gaba da ƙona fetur? Imam Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya jera maslahohi hawa uku, wato larura, buƙata da ƙawa, kuma ya nuna cewa na ƙasa ba ya ture na sama. Iska mai tsabta da daidaiton yanayi suna cikin kiyaye rai, motar sha'awa kuwa ƙawa ce, halattacciya amma ta ƙarshe a jeri, musamman ganin cewa zafi da fari sun fi cutar da manoman Sahel da ba su taɓa ganin Porsche ba. Duk da haka waɗannan motoci kaɗan ne, ba a kuma yawan tafiya da su, saboda haka hana su gaba ɗaya ba zai rage hayaƙin duniya da wani abin a zo a gani ba. Ita kuwa Jamus ta nemi a keɓe motocin da ke shan man haɗi, wato man da ake yi daga iskar haidurojin da kabon, irin wanda wata masana'anta da Porsche ke da hannu a ciki ta fara samarwa a Punta Arenas ta ƙasar Chile a 2022, ko da yake tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Alamu sun nuna injin fetur zai bi sawun doki, wanda mota ta ƙwace masa aikin sufuri amma ya tsira a hawan sallar Kano da Katsina da Zazzau da kuma filayen folo, a hannun sarakuna da masu hali. Asarar gaske ke nan, domin abin da ya ɗaukaka MX-5 shi ne cewa ma'aikaci mai matsakaicin albashi yana iya mallakarta. Nauyin da ke kan kamfanoni shi ne su ƙera ƙaramar motar lantarki mara nauyi, mai sauƙin kuɗi, wadda ke barin hukunci a hannun direba ba tare da aron muryar injin da ba ta da shi ba. Idan suka yi haka motar sha'awa za ta rayu da sabuwar sifa, idan kuwa suka gaza, za ta koma kayan ajiyar attajirai, kuma laifin zai kasance na masu ƙira, ba na lantarki ba.