Shirun Cikin Tarago: Wulaƙanci Ne Ko Kawaici?

Ranar da na fara shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan, sallama na yi. Wallahi kuwa. Ƙofa ta buɗe a tashar Seven Sisters, na sa ƙafa cikin tarago, na ga mutane zaune sahu biyu suna fuskantar juna, sai bakina ya riga hankalina, na ce, "Salamu alaikum." Ba wanda ya amsa. Wani dattijo ya ɗago kai daga jaridarsa, ya dube ni kamar mai tantamar lafiyata, ya mayar da kai. Wata budurwa ta ɗan janye jakarta zuwa jikinta. Na lallaɓa na zauna, gumi yana keto mani duk da sanyin watan Nuwamba, ina cewa a raina, lallai na shigo garin da ba a san darajar ɗan Adam ba.

Shekaru sun shuɗe tun daga ranar, kuma kusan kullum sai na shiga wannan jirgi, safe da yamma. Tambayar da na yi wa kaina a ranar farko har yau ba ta bar ni ba, illa dai amsar ce ta yi ta sauyawa. Mutum ya zauna gwiwa da gwiwa da ɗan'uwansa minti ashirin, bai ce masa uffan ba, bai ko kalle shi ba: wannan rashin mutunci ne, ko kuwa wani irin mutunci ne da mu ba mu saba da shi ba?

Bari in ɗan kwatanta wa mai karatu wurin tukuna. Wannan shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi tsufa a duniya. An buɗe layinsa na farko ranar 10 ga Janairun 1863, daga Paddington zuwa Farringdon, lokacin ma da kwal da tururi jiragen ke aiki, hayaƙi ya turnuƙe rami. Yau yana da layi 11 da tasha 272, kowane layi da launinsa a jikin taswirar da wani ma'aikaci mai suna Harry Beck ya zana, aka fara raba ta ga jama'a a 1933. Abin dariya, fiye da rabin hanyar a sarari take, ba a cikin ƙasa ba. Amma inda ta nutsa ta nutsa ƙwarai, don a tashar Hampstead sai ka gangara mita 58 kafin ka iske jirgi. Miliyoyin mutane ke bi ta cikin waɗannan ramuka a kowace ranar aiki.

Wurin yana da dokokinsa, wasu a rubuce, wasu sai dai ka koya da ido. A kan matakalar lantarki, mai tsayawa ya tsaya dama, ya bar hagu ga masu sauri. Sai masu fita sun gama fita kafin masu shiga su shiga. Ba a ɗaga murya a waya. Babbar dokar da ba a rubuta ko'ina ba kuwa ita ce: kada ka ƙura wa kowa ido, kada ka ja wanda ba ka sani ba da hira. A 2016 wani Ba'amurke mazaunin birnin ya buga bajo ya riƙa rabawa a bakin tasha, wai duk mai son a yi hira da shi a jirgi ya maƙala. Mutanen Landan suka yi masa ca, har wasu suka buga nasu bajon mai cewa a ƙyale su.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya, an koya mana cewa jirgin ƙasa wurin haɗuwa ne. Wa zai manta yadda Shah Rukh Khan ya miƙa wa Kajol hannu ya jawo ta cikin jirgi a fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, a wata tasha ta wannan birni na Landan? To ni dai shekara da shekaru ina shiga, ban taɓa ganin an fara soyayya a tarago ba. Abin da nake gani shi ne kowa da iyafis a kunne, ko littafi a hannu, ko ya kafe idonsa a kan tallar da ke saman kan na gabansa. Wani lokaci a tsakanin tallace-tallacen akan liƙa gajerun waƙoƙi, wani shiri ne da aka fara tun 1986, sai ka ga mutum ya karanta waƙa ɗaya sau biyar don dai kada idonsa ya faɗa cikin na wani.

A shekarata ta farko hukuncina a yanke yake. Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A wurinmu gaisuwa shaida ce cewa na gan ka, na kuma yarda kai mutum ne kamata. Wanda ya wuce ka bai gaishe ka ba, ko dai yana gaba da kai, ko girman kai ke damunsa, ko ba shi da tarbiyya. Da wannan ma'auni na auna mutanen jirgin nan, na same su duk sun faɗi. Kuma ba ni kaɗai ke ganin akwai matsala ba, domin a 2018 gwamnatin Birtaniya da kanta ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici. Ƙasar da sai an naɗa minista don mutane sun rasa abokin hira, ai ka san da sauran gyara.

Abin da ya fara girgiza wannan hukunci nawa ƙaramin abu ne. Wata Juma'a na sauka a Baker Street zan tafi babban masallacin Regent's Park, sai ga wata mata da keken jariri ta tsaya a gindin matakala, ba ta da yadda za ta hau. Kafin in gama shawarar ko ya dace in yi mata magana, wani mutum cikin kwat ya sunkuya ya kama gaban keken, ita ta kama baya, suka haura. Da suka kai sama ya ajiye, ya yi gaba abinsa. Bai tambayi sunanta ba, bai jira godiya ba, ban ma tabbata ya ga fuskarta ba. Daga baya na lura kullum ana yin haka. Ashe mutanen da nake cewa ba sa ganin kowa, suna gani sarai.

Nan na fara tunanin cewa mu ma fa muna da suna ga wannan hali. Kawaici. Uwa ta ga ɗan farinta ta kawar da kai kamar ba ta san shi ba, alhali shi ne ranta. Suruki ya hango surukinsa ya sauya hanya. Ka iske babban mutum cikin halin da ba zai so a gan shi ba, ka yi kamar idonka bai kai ba. Ba wanda ya taɓa kiran wannan wulaƙanci, sunansa kunya da kara. Wani masanin zamantakewa, Erving Goffman, ya yi bayanin irin wannan ɗabi'a ta mutanen birni a wani littafinsa na 1963: ka nuna wa baƙo ka san yana nan, sannan ka janye idonka don kada ka takura shi. Da na karanta sai na yi dariya, na ce ai kakata ta riga shi sani.

Ka duba lamarin da kyau. Ƙarfe takwas na safe a layin Victoria, an cusa mutum ɗari da wani abu a tarago guda, hancinka a kafaɗar wani, gwiwar hannun wata a haƙarƙarinka. Ba sauran fili ko na taku ɗaya da za ka ba maƙwabcinka. Abu ɗaya ya rage da za ka iya ba shi, wato ka ɗauke masa idonka da bakinka, ya samu ya zauna da tunaninsa. A ƙauyenmu, inda za ka haɗu da mutum talatin a yini kuma ka san kakan kowannensu, gaisuwa ce kyauta. A inda za ka haɗu da dubu goma kafin azahar, ƙyalewa ce kyauta.

Kuma ba ka san abin da mai shirun yake ɗauke da shi ba. A wasu tashoshi akwai murya da ke gargaɗin fasinja su kula da giɓin da ke tsakanin jirgi da dakali. Ɗaya daga cikin waɗanda aka naɗi muryarsu wani ɗan wasan kwaikwayo ne, Oswald Laurence, wanda ya rasu a 2007. Bayan rasuwarsa matarsa takan je tashar Embankment ta zauna a benci, don kawai ta ji muryar mijinta. A ƙarshen 2012 aka sauya na'ura, muryar ta ɓace. Ta je ta yi magana, hukumar sufurin birnin ta ba ta faifan muryar, kuma a 2013 aka mayar da ita tashar. Yanzu ka ƙaddara mutum nawa suka wuce wannan baiwar Allah a kan benci suna zaton jirgi take jira. Da a ce kowa ya tsaya ya tambaye ta, "Lafiya kike zaune nan kullum?" anya da ta iya ci gaba da zuwa?

Amma kada mai karatu ya ɗauka na sallama gaba ɗaya. Kawaici yana da iyaka, kuma ni da kaina na taɓa tsallake ta. Wani dare ina dawowa daga aiki, wani saurayi baƙar fata, da ƙyar in ya kai shekara ashirin, yana zaune daidai gabana yana kuka. Ba kuka mai sauti ba, hawaye ne kawai ke zuba, yana kallon wayarsa. Zuciyata ta ce, yi masa magana, ƙanenka ne. Sabon halin da na koya ya ce, ba ruwanka, kada ka kunyata shi. Na bi na biyun, na kafa ido a taswira tasha huɗu cur. Wata tsohuwa Baturiya da ke gefensa ce ta buɗe jaka, ta ciro tishu ta ɗora masa a gwiwa, ta ce masa wata kalma ɗaya ko biyu a hankali, ta ci gaba da kallon gabanta. Yaron ya gyaɗa kai, ya share fuska. A Finsbury Park ya sauka.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Ni da na zo garin ina taƙama da cewa mu ne muka san mutum, ni ne na kasa. Tsohuwar nan ta san inda kawaici ya ƙare, inda taimako ya fara. Ni kuwa na kwaikwayi shirunsu ban kwaikwayi abin da ke ƙarƙashinsa ba. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemo ka ɗaura, amma ba a ce ka yar da kanka don ka ɗaura wutsiya ba. Wanda ya kawar da kai don ya suturta ɗan'uwansa ya yi kawaici. Wanda ya kawar da kai don ya huta da nauyinsa, sunan abin da ya yi guje wa haƙƙi, ko da a ido kamarsu ɗaya.

Mutanen birnin sun san wannan bambanci, tarihinsu ma ya nuna. A 1940 da 1941, lokacin da jiragen yaƙin Jamus ke ruwan bama-bamai, dubban mutane a waɗannan tashoshi suke kwana, kafaɗa da kafaɗa. Ranar 7 ga Yulin 2005, da aka tayar da bama-bamai a jirage uku da bas ɗaya, mutum 52 suka rasa rayukansu, fasinjojin da ba su taɓa ce wa juna sannu ba su ne suka riƙe hannun juna cikin duhun rami har masu ceto suka iso.

Sai kuma in juyo da madubin gare mu, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Malamai sun karantar da mu haƙƙin hanya da ya zo a hadisi: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da alheri da hani ga mummuna. Mutanen jirgin nan sun riƙe biyun farko gam. Mu mun riƙe na uku, muna alfahari da shi. Amma sau nawa muka gaisa da mutum a tasha har da tambayar iyali da gajiya, mota na zuwa muka ture shi muka shige? Sau nawa mace ta shigo bas muka bi ta da ido tun daga ɗankwali har takalmi? Sau nawa "ina gajiya" ta zama ƙofar bincike, ina za ki, wa kike nema, me ya sa har yanzu ba ki yi aure ba? Marubutanmu na littattafan soyayya sun sha nuna yadda idon unguwa ke hana yarinya sakat. Gaisuwar da ba ta hana ka cutar da wanda ka gaisar ba, motsin baki ce kawai.

Zuwana gida na baya-bayan nan, na shiga a-daidaita-sahu a Kano na zauna shiru, ban ankara ba. Wani dattijo da ke ciki ya dube ni ya ce, "Malam, ba a sallama ne?" Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage. Na ce, "Baba, a gafarce ni, salamu alaikum." Ya amsa, ya tambaye ni mutanen gida, kafin mu kai Ƙofar Nasarawa na san yana da jika a asibiti, na yi masa addu'a, shi ma ya yi mani. Na sauka ina jin wani sanyi a rai da na daɗe ban ji ba. Wannan ma gaskiya ce, ba zan musa ta don na zauna a Turai ba.

Saboda haka in ka tambaye ni yau, shirun cikin tarago wulaƙanci ne ko kawaici, sai in ce ya danganta da abin da mai shirun zai yi idan keken jariri ya tsaya a gindin matakala, ko hawaye ya zubo a gabansa. Haka ita ma gaisuwa, sai an ga abin da mai ita zai yi idan wurin zama ɗaya ya rage a mota. Yanzu ba na sallama da ƙarfi in na shiga jirgi, a zuci nake yi. Amma na sa tishu a aljihun kwat ɗina, kuma na yi wa kaina alkawari, in Allah ya sake haɗa ni da mai kuka, ba taswira zan kalla ba.

Allah ya ba mu ikon gane lokacin magana da lokacin shiru, amin.