Fuskar da Ke Ƙarƙashin Fenti

Duk ɗan koyon zanen fuska da fentin mai, ɗokinsa ya kai ga idanu da leɓe. Malamin da ya san aikinsa zai taka masa birki. Sai ya sa shi ya fara shafe yadin zanen da launi ɗaya mai ruwan ƙasa, tsararo, sannan ya fitar da inuwa da haske kaɗai: ramin ido, gefen hanci, ƙarƙashin haɓa. In kamannin mutumin ba su fito a wannan matakin ba, jan leɓe da baƙin gira ba za su kawo su ba.

Daga nan sai jira, wanda shi ne ke korar yawancin almajirai. Man linsid da ake kwaɓa fentin da shi iska yake sha yana daskarewa a hankali; shafi ɗaya kan ci kwanaki, mai kauri ma har watanni. Shi ya sa masu sana'ar suke da ƙa'ida: shafin ƙasa mai kaɗan, kowane na sama ya fi shi mai. Aka juya, na sama zai bushe na ƙasa yana motsi, fuskar ta tsattsage. Magini ya san abin da ke faruwa idan aka yi yaɓe a kan ɗanyen bango.

Ga misalin mai haƙuri: mai zane Jan van Eyck ya zana wani mutum mai suna Arnolfini tare da matarsa a kan katako a 1434, da shafi siriri a kan siriri, haske na ratsawa ya dawo. Hoton yana Landan, koren rigar matar har yau shar.

Joshua Reynolds kuwa, shugaban farko na makarantar zane ta masarautar Ingila a 1768, ba a raina gwanintarsa. Sai dai yana son kyau na nan take. Yana cuɗa fenti da kakin zuma da ƙaro iri-iri, yana kuma amfani da wani jan launi da hasken rana ke cinyewa. Masu kuɗi sun biya, sun rataye, sun yaba. Tun kafin rasuwarsa a 1792 jinin kumatun wasu hotunan ya gudu, fuskokin suka koma fari fat, wasu kuma suka dare.