Fatawa a kan Sarrafa Zakka wajen Jinyar 'Yan Gudun Hijira

Tambaya: Mu 'yan kasuwa ne a Kano. Mun ji labarin ana rufe ɗakunan shan magani na 'yan gudun hijira a Barno saboda ƙarancin tallafi. Shin ya halatta mu aika da zakkarmu can, a sayi magani, a biya ma'aikatan jinya, a gina asibiti?

Amsa: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, ku sani cewa mutanen da fitinar Boko Haram ta raba da gidajensu tun daga 2009, waɗanda adadinsu ya haura miliyan 2, mafi yawansu sun baro gona da dabba da jari a baya, suka tare a Maiduguri da Bama da Dikwa da Monguno, inda amai da gudawa da ƙyanda da tamowa ke ɗibar 'ya'yansu, da kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da agajinta na ƙasashen waje a Janairun 2025, sai asibitocin da suka dogara da wannan kuɗi suka shiga ƙunci. Babu shakka waɗannan mutane fakirai ne da miskinai, su ne kuwa aka fara ambata cikin sinfi takwas na aya ta 60 a Suratut Tauba, kuma wanda yake mawadaci a garinsu amma hanya ta yanke masa, bai sami mai ranta masa ba, hukuncin ibnus sabili ya hau kansa.

Amma batun ɗaukar zakka daga Kano zuwa Barno, asali a mazhabar Imam Malik shi ne a raba ta inda ta wajaba ko kusa da nan, sai dai idan na nesa sun fi tsananin buƙata, to a nan Shehu Halilu, ɗaya daga malaman mazhabar, ya tafi a kan a kai musu mafi yawanta. Ai Sayyadina Umar ma, a shekarar fari ta 18 bayan Hijira, daga nesa ya nemo abinci wajen Amru ɗan Asi domin mutanen Madina.

Inda ake buƙatar lura shi ne yadda za a kashe ta, domin zakka haƙƙin matalauci ce da ake mallaka masa, shi ya sa malamanmu suka hana a gina ganuwa ko masallaci da ita, ginin asibiti kuwa da albashin ma'aikata duk wannan hukunci ne ya shafe su. Mafita ita ce a damƙa kuɗin ga majinyaci ko waliyyinsa, ko kuwa shi ya wakilta wani amintacce ya karɓa a madadinsa ya saya masa magani, ya biya kuɗin aiki da na jini. Gini da albashi sai a yi su da wakafi da sadakar taɗawwu'i, waɗanda ƙofarsu ta fi faɗi, har Kirista ɗan Gwoza da ya yi gudu tare da maƙwabcinsa Musulmi yana da rabo a cikinsu, ko da yake ba shi da shi a zakka.

Kada kuma ku zaci da fitar da rubu'ul ushuri na zakka nauyi ya sauka. Tunkuɗe cuta daga Musulmi farali ne na kifaya, wanda idan kowa ya bari kowa ya yi laifi, hukuma a gaba sannan mawadata. Imam Ƙurɗubi kuwa ya hakaito ittifaƙin malamai cewa idan buƙata ta auka wa Musulmi bayan an ba da zakka, wajibi ne a ƙara fitar da dukiya. Karɓar agajin baƙi halal ne muddin ba a gindaya sharaɗin da ya taɓa addini ba, amma abin kunya ne a ce ran yaron Bama ya rataya ga shawarar da ake yankewa a wata nahiya.

Saboda haka ku aika da zakkarku bisa sharaɗin mallakawa, ku kafa wakafi domin gini da albashi. Allah ne mafi sani.