Kwana Uku A Inda Babu Maƙwabci

Tambayata a yau ita ce: shin nisantar mutane shi ne kwanciyar hankali?

Ni dai a wani ƙauye na ƙasar Ɗambatta aka kai ni aure, gidan gandu, mu matan 'yan uwa huɗu ga surukarmu. Kin san yadda ƙasarmu take, gona na jingine da gona, gida na jin tarin gida. In kin soya albasa sai an sani, in maigida ya shigo da leda sai an ƙirga. Ba ni da buri a lokacin da ya wuce a gina mini nawa gidan can bayan gari, inda ba zan ƙara ganin idon faccalata ba. Har yaji na yi a kan maganar.

A shekarar 2005 na je Agadas suna wajen 'yar innata. Muka bi ta Kazaure da Daura, muka ƙetare iyaka zuwa Damagaram, daga nan sai arewa. Mijinta kuku ne na masu kai Turawa yawon buɗe ido cikin Sahara, kafin tawayen 2007 ya durƙusar da sana'ar. Da yake matarsa na jego, ya roƙi maigidana in bi su in taya shi girki, ƙanena ya raka ni. Motoci biyu, Turawa shida, muka nufi gabas cikin Tenere, hanyar da ayarin raƙuma ke bi zuwa Fachi da Bilma ɗauko gishiri.

Daren farko, wallahi na ce na samu abin da nake nema. Aka kafa tantuna a kan rairayi, aka gasa gurasa a cikin yashi mai zafi, aka sha shayi. Ba kukan yaro, ba habaici, ba mai aiko a sam mata gishiri. Taurari kamar in miƙa hannu in tsinko. Na ce a raina, ashe haka masu kuɗi suke hutawa.

Dare na biyu zazzaɓi ya rufe ni, ga sanyin da ban taɓa jin irinsa ba. Na kasa kunne ko zan ji zakara, ko taɓarya, ko ladan. Shiru. A nan na tuna haihuwata ta fari. Faccalar nan da nake gudu, ita ce ta riƙa tashi da asuba tana hura wutar ruwan wankana har na yi arba'in, alhali ranar da naƙuda ta kama ni ma ba ma magana. Na yi kuka ni kaɗai, babu ko wanda zai ce mini sannu sai da gari ya waye.

Da safe dattijon Ba'abzine da ke mana jagora ya kai mu wajen wata bishiya ta ƙarfe. Ya ce da can itaciyar ƙaya ce ta gaske a wurin, ita kaɗai tilo, sai a yi fiye da kilomita 100 ba a ga wata ba. Da aka haƙa rijiya kusa da ita, aka tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 neman ruwa. Amma a 1973 wani direban babbar mota ya buge ta ta faɗi, aka kwashe gawarta zuwa gidan tarihi na Yamai. Turawa suna ta ɗaukar hoto, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Duk faɗin filin nan, kaɗaicinta bai hana ƙaddara iske ta ba.

Sai na lura da wani abu. Turawan nan da suka biya kuɗi mai yawa don su ɗanɗani shiru, kowanne da tikitin komawa gida a jakarsa. Shirun ya yi musu daɗi ne saboda yana da ranar ƙarewa. Su kuwa Abzinawan da hamada ce gidansu, ba kasafai suke shigarta ɗai-ɗai ba, sai a ayari, don sun san mutum ɗaya ba ya kai labari.

Kada ki ce ina cewa ki zauna a cuce ki. In zama ya kai ga duka ko cin mutunci, rabuwa ita ce maslaha, kuma addini bai hana ba. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: cuta muke gudu, ko kuwa haƙurin zama da mutane ne ya gundure mu? Harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Da na dawo ban fasa neman haƙƙina ba, sai dai na sake roƙo. Na ce a ja mini zana a ware mini madafi, amma a bar ni a cikin gida. Har yau mukan yi faɗa da faccalata, jiya ma mun yi a kan kaza. Da yamma kuma ita ta yi wa 'yata kitso.

Allah Ya ba mu haƙurin zama da juna, amin.